Ɗaukar Hoton Jerin Gwanon Bikin Al'ada a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyi Daga Kano

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin 'yan kasuwa, ɗalibai da masu yawon buɗe ido daga Kano idan tafiyarsu ta yi kiciɓis da wani biki a ƙasar da za su je. An fara da masu sauƙi.

1. Na saba ɗaukar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu. Akwai wani sabon abu da zan koya?

Hannunka ya riga ya faɗa, wannan ba a magana. Abin da za ka rasa a can shi ne sanin tsari. A Kano ba sai an gaya maka ba: ka san hakimai ne ke fara wucewa, ka san in ƙarar bindiga ta matso aka ji kakaki to Sarki ya kusa, ka san inda mahayi zai ja linzami ya yi jinjina. Shi ya sa yatsanka ke kan maɓalli tun kafin abin ya faru. A garin mutane ba ka san wa ke gaba ba, ba ka san wane kiɗa ne ke cewa babban ya iso ba. Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya ƙarar da batir da memori a kan 'yan share fage, mai gayya mai aiki ya fito kyamara ta mutu.

Na biyu, a gida akwai sanayya. Dogari ya san fuskarka, zai iya kau da kai ka tsallaka igiya. A can shinge shinge ne. Saboda haka ka ba tambaya ta 2 da ta 6 muhimmanci fiye da maganar saiti.

2. Yaya zan san ranar bikin da hanyar da za a bi?

Wasu bukukuwan ranarsu ba ta motsi. Jerin gwanon Giyon a birnin Kiyoto na Japan ana yin sa 17 da 24 ga Yuli. Timkat na Habasha 19 ga Janairu ne, ko 20 a shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29. Wasu kuwa kamar Sallarmu suke, wata suke bi: sabuwar shekarar Sin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, Holi na Indiya galibi a Maris, Perahera na Kandi a Siri Lanka cikin Yuli ko Agusta, Biyanu na Agadas a Muharram, Damba na arewacin Gana a Rabi'ul Awwal. Akwasidae na fadar Kumasi a Gana duk kwana 42 yake zagayowa, ran Lahadi. Kada ka yanki tikiti a kan ranar bara. Ɗan kasuwar da ke son haɗa sari da kallo a Gwanzu ta ƙasar Sin ya sani cewa a lokacin sabuwar shekara kasuwanni da masana'antu rufewa suke yi, tsuntsu biyun nan ba sa jifuwa da dutse ɗaya.

Taswirar hanya da lokacin tashi suna shafin ofishin yawon buɗe ido na birnin. Sauke su cikin waya tun kana masauki. Sannan nemi bidiyon bikin bara a YouTube, cikakke, ba guntun minti uku ba. Rubuta a takarda wa ya fara wucewa, wa ya biyo, a minti na nawa babban abin ya fito. In da hali, ka taka hanyar da ƙafa ana gobe biki, daidai sa'ar da za a wuce, ka ga inda rana ke faɗowa.

3. Waya ta isa, ko sai na sayi kyamara?

Da rana, in abin bai wuce taku goma zuwa sha biyar daga gare ka ba, waya mai kyau ta isa. Inda take gazawa uku ne: nesa, dare, da gudu. Yi amfani da lambobin jawo hoto da ke kan allo (1x, 2x, 3x ko 5x, gwargwadon wayar), kada ka ware da yatsu ka wuce su, don daga nan yanka hoton kawai take yi ya dagule. Ɗauka a jere kuwa, a iPhone ka ja maɓallin gefen hagu ka riƙe, a Samsung ka ja shi ƙasa. Danna fuskar mutum a allo ka riƙe har saiti da haske su kulle.

Bidiyon 4K na cin megabayit 170 zuwa 350 a minti ɗaya, kuma yana sa waya zafi har ta tsaya da kanta. Share aƙalla gigabayit 20 kafin ka fita. A cikin cincirindo sabis cushewa yake yi, waya ta yi ta neman sa tana zuƙe caji, don haka sa ta a yanayin jirgi. Ɗaura mata igiyar hannu (duba ta 13).

4. In kyamara ce, me zan ɗauka, me zan bari a gida?

Gilashin gaban kyamara (lens) ɗaya mai jawowa da zai zauna a kai wuni guda: mai milimita 24-105, ko 18-135 ga ƙananan kyamarori. In kana da kyamara ta biyu, ɗora mata 70-200 ko 70-300. Canza gilashi a tsakiyar taro hanya ce ta cusa ƙura cikin kyamara da kuma rasa abin da ka zo dominsa. Ga bikin dare ka ƙara gilashin 35 ko 50 mai faffaɗar ƙofar haske (f/1.8), ba shi da tsada kuma ba shi da nauyi. Sanda mai ƙafa uku bar ta a Kano: ba inda za ka kafa ta, wurare da yawa ma sun hana. Mai ƙafa ɗaya ta wadatar in gilashin na da nauyi.

Batir uku, a cike. Memori mai gigabayit 64 guda biyu ko uku sun fi 256 guda ɗaya, don in ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba. Hoton RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba) na kyamara mai megafiksel 24 yana kai megabayit 25 zuwa 30, wato 64 na ɗaukar kusan 2,000. Ko a Farm Centre ka sayi memorin ko a Titin Beirut ko a filin jirgi, gwada shi kafin tafiya: cika shi fal da bidiyo, sannan ka buɗe na ƙarshe a kwamfuta. Na jabu yakan nuna 128 a rubuce, amma da ya wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai ya riƙa ba ka fayil da ba ya buɗewa.

5. Za a tare ni a filin jirgi saboda kayan? Biza ta yawon buɗe ido ta isa?

Batiran ajiya da fawa banki a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da za a auna ba, tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano har ko'ina. Ƙa'idar ita ce wutar da batir ke ɗauka kada ta wuce Wh 100. Fawa banki mai 20,000mAh kusan Wh 74 ne, ya wuce lafiya. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi. Rufe bakin kowane batir da salatif. Mai shiga jirgin cikin gida a Sin ya lura: tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin fawa bankin da ba shi da tambarin 3C. Soket ɗin Ingila, Dubai, Maleshiya da Gana irin namu ne. Masar, Maroko, Nijar da Turkiyya baki biyu ne masu zagaye. Japan baki biyu masu faɗi, wutar kuma 100V, sai ka duba cajarka ko an rubuta 100-240V.

Kyamara ɗaya ko biyu na kashin kai ba su da matsala. Riƙe rasit, ka ɗauki hoton lambobin jikin kayan. Amma in wani gidan jarida ko talabijin ne ya aike ka, wannan aiki ne, ƙasashe da dama na neman takardar izini, Indiya ma biza ta daban gare ta ga 'yan jarida. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi shi ne babban mai jawo rigima: a Maroko kwastan na riƙe shi a bakin shiga, a Masar dokar 2017 ta haramta shigo da shi sai da izinin ma'aikatar tsaro, a Japan kuma duk wanda ya kai giram 100 sai an yi masa rajista, kuma ba a tashin sa a kan taro ba da izini ba. Bar shi a gida ya fi.

6. A ina zan tsaya?

A kwana, wato inda hanya ta lanƙwasa. Jerin gwano na rage gudu a kwana, mutane na juyo da fuska, kuma in ka tsaya ta wajen lanƙwasar za ka gan su suna tahowa gaba da gaba, ba ta gefe ba. Giyon misali ne mai kyau. Manyan kekunan katakon da ake ja da igiya suna kai tan 12, wasu tsayinsu mita 25, kuma ƙafafunsu ba sa juyawa. In an zo mahaɗa, sai a shimfiɗa tsagaggen gora a ƙasa, a kwara ruwa, masu ja su koma gefe su fizga, keken ya zame a hankali har ya fuskanci sabon titi. Ana ɗaukar mintuna ana wannan. A nan hoton yake, kuma kowa ya sani, shi ya sa layin gaba ke cika awa biyu zuwa uku kafin a tashi.

Ban da kwanar hanya, sai wurin shiri da wurin saukewa. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan hakimi da hantsi ana ɗaura wa doki kaya ya san hoton da ake samu a nan ba a samun sa a fili: ana naɗa rawani, ana gyara wa yaro hula, makaɗi na ɗaure ganga. Haka yake a ko'ina, kuma a nan ne ake iya gaisawa a nemi izini (duba ta 10). A ƙarshen hanya kuwa an gaji, an saki jiki, gumi ya wanke kwalliya.

Rana ta kasance a bayan kafaɗarka ko ta gefe. Duba abin da ke bayan masu wucewa tun kafin su zo: allon talla, fol ɗin wuta, motar 'yan sanda, duk za su fito kamar sun tsiro a kan mutum. Taku biyu zuwa hagu na iya kawar da su. A Kandi masu shaguna da gidajen bakin titi na sayar da kujera da baranda. In za ka biya, je ka zauna a kan kujerar da rana ka gani da idonka, kada ka saya a baki. Kuma ka tuna da zarar an rufe titi ba ka isa ka tsallaka ba sai an gama, don haka zaɓi ɓangaren da masaukinka da banɗaki suke.

7. Wane saiti zan yi da rana?

Juya zuwa S (Tv a Canon), inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, ka bar ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) ya zaɓi kansa amma ka iyakance shi a 3200. Saurin ƙiftawa: 1/250 na daƙiƙa ga masu tafiya, 1/500 zuwa 1/800 ga masu rawa da makaɗa, 1/1000 zuwa sama ga doki. In ka fi son M, inda kai ke saita komai da hannu, ƙofar haske f/5.6 zuwa f/8 na fito da sahu biyu ko uku garau, f/2.8 zuwa f/4 na ware mutum ɗaya ya bar baya dishi-dishi. Saitin ido (fokas) ya zama mai bin motsi, AF-C ko AI Servo. Ɗauki uku zuwa biyar a jere ka saki. Mai danne maɓalli ba ƙaƙƙautawa yakan iske kyamara ta shaƙe tana rubutawa daidai lokacin da ake buƙatarta.

Kada duk hotunan su zama iri ɗaya. A kowace tawaga nemi uku: mai faɗi da ke nuna gari, matsakaici na mutum da abin hannunsa, sai na kusa, kamar ɗinkin riga ko ƙafa a ƙasa. Ka riƙa juyawa baya ma, fuskar 'yan kallo rabin labarin ce.

8. Me ya sa fararen kaya ke ƙonewa, ko fuska ta fito baƙi ƙirin?

Kyamara na ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. A Timkat, inda dubban mutane ke lulluɓe da farin mayafi, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, farin ya koma toka-toka, fuskoki su dushe. Ƙara +0.7 zuwa +1 a maɓallin +/-. In kuwa mutum ɗaya ne da farar riga a gaban inuwa, akasin haka ne: rage -0.3 zuwa -0.7, in ba haka ba aikin zaren da ke jikin rigar zai ɓace. Kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda hoto ya ƙone. Da tsakar rana, lokacin da rawani ko malafa ke jefa inuwa a ido, jira mutum ya ɗaga kai ko ya shigo inuwar gini. RAW na ba ka damar ɗago fuska daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi kenan.

9. In da dare ne fa? Zan kunna filasha?

A'a. Filashar jikin kyamara ko waya ba ta wuce mita uku zuwa biyar, ƙeyar wanda ke gabanka kawai za ta haska. Tana kuma firgita dabba, a Perahera kuwa giwaye ne ke wucewa dab da mutane. Hasken wurin ya ishe ka: masu riƙe da tocilan wuta na tafiya a gefen jerin, sai ka jira mai rawa ya shigo cikin hasken ɗaya daga cikinsu. Buɗe f/1.8 zuwa f/2.8, ISO 3200 zuwa 6400, ƙiftawa 1/125 zuwa 1/250. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, wanda ya yi rawa ba shi da magani.

In ka ga layuka baƙi-baƙi a hoto, fitilun LED ne ke ƙyaftawa da bugun wutar ƙasar. Koma 1/100 a inda wuta ke 50Hz, 1/125 ko 1/60 a inda take 60Hz kamar Kiyoto, ka kuma kashe ɗauka mara sauti.

10. Sai na nemi izini kafin na ɗauki mutum?

Wanda ke cikin jerin ya fito ne don a gan shi, galibi ba laifi. Ɗan kallo, mai sayar da abinci, mace da ɗanta, waɗannan sai ka tambaya: ɗaga kyamara, haɗa ido, jira a gyaɗa kai. In an girgiza kai, sauke, kada ka ɗauka a sace. Koyi gaisuwa da "na gode" da harshen wurin, nuna wa mutum hotonsa a allo. In wani ya saba karɓar kuɗi, a yi ciniki kafin, ba bayan ba, ka kuma riƙe canji a aljihun gaba.

Wasu wuraren ba ladabi ba ne kawai, doka ce. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar 2021 ta tanadi ɗauri ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000 kan ɗaukar mutum ko yaɗa hotonsa ba da yardarsa ba. A Masar ƙa'idar 2022 ta halatta ɗaukar hoto na kashin kai a titi, amma ban da yara, manya kuma sai sun amince. A unguwar Giyon tun 2019 an kafa allunan hana ɗauka a lungunan da ba na gwamnati ba, tara yen 10,000. Soja, shingen bincike da ginin gwamnati, kau da kyamara ko'ina ne. Abin da mutane ke girmamawa kuma, kamar tabot da limaman cocin Habasha ke ɗauka a ka a lulluɓe, ba a gitta gabansa, ba a miƙa hannu. Dubi abin da 'yan gari ke yi: in sun cire takalmi, cire.

11. Ana sukuwa da harbi a Maroko kamar namu. Yaya ake kama shi?

Taburida ke nan. UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya a 2021, Hawan Sallar Kano kuma ya shiga a Disambar 2024. Mahaya 15 zuwa 25 ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, shugabansu a tsakiya, su sako a guje, su harba bindigogi lokaci guda kamar harbi ɗaya. Wanda ya saba da jahi zai gane ta nan take, bambancin shi ne abin da ake jira ƙasa da daƙiƙa ɗaya ne.

Tsaya a ƙarshen filin, bayan shinge, ka ɗan karkace gefe. Gilashi 70-200 ko fiye, ƙiftawa 1/2000. Kada ka jira ƙara, in ka ji ta ka makara. Fara ɗauka a jere da ka ga an ɗaga bindigogi. Bar tawaga biyu su wuce kana kallo kawai don ka gane inda suke harbi. Hayaƙi da ƙura na ruɗa saitin ido, don haka ɗora shi a ƙirjin dokin tsakiya. Toshe kunne da auduga, firgita ce ke sa hannu rawa. In ka samu abin da kake so, gwada 1/60 kana bin mahayi da kyamara daga gefe: goma za su lalace, ɗaya ya fito da gudun a jikinsa.

12. Ni mace ce, kuma ina kula da salla da abin da idona zai gani. Ina mafita?

Hajiya, bidiyon bara da aka ambata a ta 2 zai nuna miki komai. Wasu bukukuwan ibada ce ta masu wani addini, wasu kamar kanibal na Riyo ko na Landan akwai giya da ƙarancin sutura. Ki gani tun kina gida, ki yanke shawara. Hukuncin halarta, da na ƙasaru da haɗa salla, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Jerin gwano kan ci awa uku zuwa biyar, don haka ki fita da alwala, ki san masallaci ko wurin da za ki raɓa a ɓangarenki na titi. Kujerar biya ko baranda ta fi tsakiyar matsi, a Holi musamman. Hijabi mai hannu ya fi mayafin da sai an riƙe, ki rataya kyamarar a kansa. Kina da wata dama ma da maza ba su da ita: mata sun fi sakin jiki da ke a wurin shiri.

13. Ƙura, ruwa, ɓarayi da turmutsutsu fa?

Ƙura ka san ta tun daga hunturun Kano: hura da abin hura iska kafin ka goge, in ba haka ba ka kankare gilashi. Garin launin Holi ya fi ta sharri, yana shiga ko'ina. Sa kyamara cikin leda, manne bakin ledar da salatif a hular gilashi, ka yi amfani da gilashin da ba ya shiga ya fita, don mai jawowa zuƙar iska yake yi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne raɓa: ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya zuwa zafi mai laima irin na Gwanzu ko Kiyoto a Yuli, gilashi ya yi hazo ciki da waje. Kulle kyamarar a leda mai zif tun a ɗaki, ka bar ta minti 20 zuwa 30 a waje kafin ka buɗe. A ƙasar sanyi kuwa batir ne ke mutuwa da wuri, ajiye na ajiya a aljihun ciki.

Jakar goyo ta dawo ƙirji. Fasfo ya zauna a masauki in dokar ƙasar ta yarda da kwafi. Memorin da ya cika kada ya kwana a jakar kyamara, sa shi a aljihu mai zif. Kada ka hau duk wani dandamalin katako na wucin gadi da ya cika: a Janairun 2020 irinsa ya rufta a Gondar ta Habasha ranar Timkat, an rasa rayuka. In ka ji ba ka iya ɗaga hannu saboda matsi, hoto ya ƙare. Haɗe hannuwa a ƙirji, bi inda taro ya nufa kana zamewa gefe.

14. Na dawo masauki. Yaya zan adana, yaya zan tura gida ba su lalace ba?

A daren nan ka kwafe su wuri biyu, kwamfuta ko waya da kuma faifan ajiya, kada ka goge memori sai ka sauka Kano. WhatsApp na matse hoto, don haka tura shi a matsayin fayil, musamman in za a wanke shi babba. Daga 1,500 zaɓi 20 zuwa 30. Ba mai kallon ɗari uku. Kafin barci rubuta sunan bikin, unguwa, ranar, da sunan kowace tawaga kamar yadda yake a takardar shirin, don bayan mako biyu duk za su cakuɗe maka. Wanda ka yi wa alkawarin hotonsa, tura masa kafin ka bar ƙasar, tun layin wayar can na aiki.